Yadda za ka bar wa yoɗo da ƙudan zuma wuri a gonarka

A ƙasar Damagaram ba a saba shuka yoɗo ba, shi ke kawo kansa. Ruwa ya sauka sau biyu ko uku, sai ka gan shi ya leƙo a gindin hatsi, ko a bakin hanya, ko cikin saura. Mata su tsinka, a kaɗa miya, a shanya na rani. Mutanen kudu suna ce masa karkashi, masana tsirrai kuma Ceratotheca sesamoides, ɗan'uwan riɗi ne na jini. Saboda wannan arha tasa, in ka ce wa manomi ya keɓe masa wuri, kallon da zai yi maka kaɗai ya ishe ka amsa.

Ni ma da haka nake, sai wata damina da na zaga gonarmu da ke kan hanyar Mirya, daga wannan iyaka har waccan, ban ƙirga gindi ashirin ba. A nan ne muna yara muke cika wa Inna ƙwarya kafin rana ta yi zafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jama'a ta yi yawa, an daina barin gona ta huta. Ana noma har bakin iyaka. Masu tsinka don sayarwa suna tuge shi da saiwa tun bai yi fure ba. Ga kuma maganin kashe ciyawa, wanda bai san yoɗo ba balle ya bar shi. Tsiro ne na shekara guda: ya fito da damina, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. In aka hana shi zubar da iri shekaru a jere, abin da ya ajiye a ƙasa sai ya ƙare.

Asarar ba ta tsaya a tukunya ba. Itatuwan da ƙudan zuma ya fi dogaro da su a nan, irin su gawo, ba da damina suke fure ba. Gawon da ya cika gonakin Magarya da Matamai da Mirya sai ruwa ya ɗauke yake fitar da ganye da fure. A tsakiyar damina ƙananan tsirrai ne ke riƙe da ƙwarin, kuma yoɗo na cikin masu daɗewa suna fure, yau ɗaya gobe ɗaya, sati bayan sati. Waɗannan ƙwari su ne ke yi wa amfanin gona barbara. Hatsi da dawa iska ta ishe su. Amma kabewa da kankana da guna, furen namiji daban na mace daban, in ƙwaro bai ɗauko garin wannan ya kai wa wancan ba, ɗan zai yanƙwane ya faɗi. Riɗi yana iya yi wa kansa, duk da haka wani bincike da aka buga a 2017 kan gonakin Burkina Faso ya nuna riɗi da auduga sun fi yawa da kyau inda ƙudan zuma ya samu shiga furensu. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda na maido da yoɗo gonarmu, tare da kurakuran da na yi.

Ka fara gane shi

Sunan karkashi ya haɗa tsirrai fiye da ɗaya masu yauƙi, don haka kada ka dogara da ganye. Ganyen yoɗo yana sauya kama ko a jikin gindi ɗaya: na ƙasa mai faɗi da haƙora a gefe, na sama siriri. Wani gindin ya miƙe ya kusa kai ƙugu, wani ya kwanta ya yi yaɗo. Fure da kwanso su ne shaida.

Furen kamar ƙaramar ƙararrawa yake, ya ɗan sunkuya, launinsa tsakanin ruwan hoda da shunayya, da zane-zane masu duhu a leɓen ƙasa da suka nufi ciki. Kowane ɗaya daga hammatar ganye yake fitowa. Da asuba yake buɗewa, kuma ba ya daɗewa, yawanci kafin washegari ya faɗi wani ya maye gurbinsa a sama. Kwanson kuwa ɗan shafal ne, yana da ƙahoni biyu a kai, ɗaya dama ɗaya hagu. Ka ga ƙahonin nan, ka samu yoɗo. Riɗin barewa, wanda ake yawan rikita shi da yoɗo, dogo ne siriri, kwansonsa tsini ɗaya gare shi.

In kana son ganin abin da ya sa nake wannan dogon bayani, ka tsuguna gaban fure ɗaya da hantsi. Ƙudan zuma zai sauka a leɓen, ya bi zanen, ya shige gaba ɗaya har ka daina ganinsa. Ruwan zaƙin yana can ƙurya. Garin furen kuma a rufin yake, shi ya sa in ya fito da baya sai ka ga gadon bayansa fari fat kamar ya fito daga injin niƙa.

Tara iri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son yoɗo a damina mai zuwa, da kakar bana zai fara. Daga buɗewar fure zuwa nunar kwanso wajen sati shida ne, saboda haka a nan wajenmu daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ake samun iri, daidai lokacin da hankalin kowa ke kan girbin hatsi.

Kwansunan gindi ɗaya ba sa nuna tare, na ƙasa ke riga na sama. In ka jira duka su bushe, na ƙasa sun tsage sun zubar. In ka yi gaggawa, ka kwashi iri fari wanda ba zai tsiro ba. Abin da nake yi shi ne in yanke reshen da kwansunansa na ƙasa suka koma ruwan ƙasa suka fara buɗe baki, in kife shi cikin buhu ko babbar ƙwarya, in ajiye a inuwa mai iska kwana bakwai zuwa goma. Daga nan a bubbuga, a sheƙe. Iri mai kyau baƙi ne ko ja mai duhu, kamar riɗi.

Kada ka ɗebo daga gindi ɗaya don ya burge ka. Ka bi gindi goma ko ashirin a wurare daban-daban, da mai miƙewa da mai kwanciya, da mai saurin fure da mai jinkiri. Bambancin nan ne zai tsawaita maka lokacin fure, kuma shekarar da ruwa ya yi gardama ba za su faɗi tare ba. A daji kuma ka bar fiye da abin da ka ɗauka.

Ajiya ba ta da wuya: kwalba ko gora mai marfi, iri ya bushe sarai, a zuba ɗan toka, a sa a ɗakin da ba ya zafi sosai. Cikin tafin hannu biyu ya isa ƙaramar gona. Wanda bai samu ya tara ba ya tambayi tsofaffin matan da ke sayar da busasshen ganye a kasuwar Dole ranar Alhamis ko ta Mirya ranar Lahadi. Ba lallai su zo da iri ba, amma sun san gonar da yake, kuma in ka yi magana da ladabi wata za ta ƙullo maka a bakin zane mako mai zuwa.

Ina za a sa shi

Jigawa yake so, ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya. Fadamar da ke riƙe ruwa kwana da kwanaki tana ruɓar masa da saiwa. Rana yake so kuma, ƙarƙashin inuwa mai kauri sai ya yi ganye ya ƙi fure. Ruwan da muke samu a kewayen Zinder, wanda a yawancin shekaru yake tsakanin milimita 400 da 500, ya ishe shi.

Ba na ba da shawarar a ɗauki tsakiyar gona a ba shi. Iyaka ta fi: zirin ƙasa mai faɗin taku ɗaya ko biyu, a gefen da ya fi kusa da wake, riɗi, kuɓewa ko kabewa. Dama wurin nan hatsi ba ya wani abin kirki. Gara a tara shi wuri guda da a warwatsa gindi ɗaya nan ɗaya can, domin ƙudan zuma in ya samu wuri mai yawan fure iri ɗaya yakan koma ya sanar da ƴan'uwansa, su riƙa zarya. Gefen burtali ka guje shi, sai in za ka iya shinge da ƙaya, don awaki ba sa yi masa ta sauƙi. Gayaunar mata, wadda wasunmu ke ce wa gamana, ita ce ta fi ko'ina dacewa, tunda masu ita sun san darajarsa ba sai an yi musu wa'azi ba.

Taki kaɗan ya isa. In akwai ruɓaɓɓen takin awaki a watsa sama-sama. Takin zamani mai yawa ganye zai ba ka, fure ya yi jinkiri.

Shuka

A nan na yi kuskurena na farko. Na ɗauki sungumi na sara rami kamar na hatsi, na zuba iri, na take da diddige. Na jira sati uku, abin da ya fito bai kai a faɗa ba. Irin ƙanƙane ne, ba shi da ƙarfin huda ƙasa mai zurfi. Da na ba Inna labari dariya ta yi, ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya taɓa binne yoɗo? Allah ma a sama yake watsa shi."

Yadda ya yi mini daidai ke nan. Ka jira ruwan shuka na sosai, wanda ya jiƙa ƙasa har ya haɗu da laimar ƙasa, ba yayyafin farko da ke yaudarar mutane ba. A nan hakan yakan faɗo tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Yuli. Ka gama da hatsinka tukuna, yoɗo ba ya fushi. Ka cakuɗa iri awo ɗaya da busasshen yashi awo goma don ya bazu daidai. Ka ɗan karce wurin da hauya, ka yafa, sannan ka ja reshen ƙaya a kai sau ɗaya. Zurfin kada ya wuce santimita 1, wato ƙasa da gaɓar yatsa. In kana son layi don sauƙin noma, ka ja shi da sanda, tsakanin layi da layi kamar kamu biyu.

Kada ka zuba irin duka rana ɗaya. Ka raba biyu, rabi yanzu, rabi bayan sati biyu ko uku. In ruwa ya ɗauke bayan shukar farko kana da abin komawa. In bai ɗauke ba, na biyun zai riƙa fure lokacin da na farko ya fara gajiya. Ka kuma sani tsiron daji ne, ba ya fitowa a tare kamar irin da aka gyara. Wani kwana biyar, wani sati biyu, wani ma sai baɗi. Wannan ba lalacewar iri ba ce, dabararsa ce ta tsira a ƙasar da ruwa ba shi da alƙawari.

Noma da cira

Hatsarin da ya fi fari da awaki shi ne hauya. Ɗan barema da aka biya ya share gona zai share ta ne tas, kuma bai yi laifi ba. Shekara ta biyu na tafi gari na dawo na tarar an yi mini maimai har bakin iyaka, zirin nan fes kamar tsakar gida. Tun daga ranar nake kafa turaku, in ɗaura tsumma a kai, in kuma kai mutum wurin da ƙafata in ce, "Malam, daga turken nan zuwa wancan, don Allah a bar mini shi, da hannu zan cire." Faɗa daga nesa ba ya aiki.

Cikin zirin, ciyawar da za ka cire ita ce mai danne shi, musamman ƙarangiya da sauran masu kama da hatsi. Gasaya, lalo, tafasa da rama in sun fito ka bar wasu. Dukansu na miya ne ko na kwaɗo, dukansu suna fure, kuma kowanne da ƙwarin da ke zuwa masa. Idan tsiron ya kai tsawon tafin hannu sai a yi cira, a bar kamar kamu ɗaya tsakanin gindi da gindi. Wanda aka cire ba a yar ba, shi ne miyar farko ta shekara.

Rabon tukunya da rabon ƙwari

Nan ne gaskiyar maganar take, kuma nan ne za ka sha gardama a gida. Tsinkar kan yoɗo tana sa shi rassa da sabon ganye, abin da mai miya ke so ke nan. Amma furen a kan sabon toho yake fitowa, duk kan da aka tsinke an tafi da furen sati mai zuwa. Gindin da ake tsinka kullum zai yi ta ganye har kaka, fure kaɗan, iri kaɗan.

Mu dai mun sasanta da uwargida a kan kashi uku. Kashi na farko nata ne, ta tsinka yadda take so, sharaɗi ɗaya kawai, ba tugewa. Kashi na biyu a tsinke kansa sau ɗaya tak yana ƙarami don ya yi rassa, daga nan a bar shi ya yi fure, sai dai a ɗebi manyan ganyen ƙasa. Kashi na uku ba mai taɓa shi har iri ya nuna. Da farko ta ce na fifita ƙuda a kan mutane. Da aka shiga Satumba ta ga kashi na biyu ya fi ba da ganyen shanya, sai maganar ta mutu. Yanzu ma ita ke korar yara daga na ukun.

Lokacin tsinka ma yana da amfani a kula. Da safe ƙwarin ke aiki, don haka a bari sai la'asar. An huta da harbi, su ma an bar su sun ci abincinsu. Ganyen shanya a inuwa ake baza shi, rana tana cinye masa kore. Wanda ya rage bayan miya, mata sun san aikinsa wajen wanke gashi.

Feshi

Duk wahalar nan feshi ɗaya na safe yana iya rushe ta. Ka tara ƙwari a iyakar gonarka, sannan ka fesa wa wake magani da hantsi iska na kaɗawa wajensu, ka zama ka gayyato su ne ka kashe. Ban ce kada a yi wa wake magani ba, wanda ya taɓa ganin yadda tsutsa ke cinye furen wake ba zai faɗi haka ba. Amma a duba gonar tukuna a tabbatar akwai ɓarnar da ta kai a fesa. In za a yi, a yi da yamma liƙis, bayan ƙudan zuma ya koma gida, ranar da iska ta kwanta. A bar taku biyar ko fiye tsakanin inda aka fesa da zirin yoɗo. Ruwan ƴaƴan dogon yaro da aka daka aka jiƙa ya kwana ya fi sauƙi a kansu, shi ma da yamma. Maganin da aka ɗura a kwalbar da ba rubutu, ba ka san mene ne ba, kada ya kusanci abin da za a ci ganyensa. Maganin ciyawa kuwa ko kusa da zirin kada ya je.

Ka gaya wa maƙwabcin gona, musamman in akwai mai amya a kusa. Yawanci mutane ba mugunta ke sa su feshin safe ba, ba wanda ya taɓa ce musu akwai bambanci.

Yadda za ka san yana aiki

Ka zaɓi safiya ɗaya a mako, tsakanin ƙarfe 7 da 9, ka tsaya wuri ɗaya minti goma, ka ƙirga masu shiga fure. Ba ƙudan amya kaɗai za ka gani ba. Akwai babban baƙin nan mai ƙugi da ke huda azara da busasshen itace. Akwai ƙanana masu zane a ciki da ke haƙa rami a ƙasa, kowace ita kaɗai, ba sarki ba amya, ba sa tara zumar da za a sha amma wajen barbara ba a raina su. Akwai ƴan mitsi-mitsi marasa harbi, da malam-buɗe-littafi jefi-jefi. Ka rubuta a takarda ko a waya. Shekara ɗaya ba ta nuna komai, ta uku ce za ta ba ka labari.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa: yoɗo yana iya ƙulla iri ko ba ƙwaro, don furensa yana yi wa kansa barbara. Saboda haka yawan kwanso ba shi ne shaidar zuwan ƙwari ba. Shaidar tana wajen kabewa da kankana, ka duba ƴaƴa nawa ke kamawa, nawa ke zubewa, da kuma ko suna fitowa a cike ko a karkace.

Bayan ruwa ya ɗauke

Ka ɗebi irinka daga kashi na uku, amma ka bar kamar rabi ya zube a wurin. Shi ne gyauron baɗi, kuma daga shekara ta uku mai yiwuwa ba sai ka sake yafawa ba, cike gurbi kawai. Kada ka ƙone zirin, kada ka kuma yi masa huɗa mai zurfi da garma, domin iri yana sama-sama, ƙananan ƙudajen nan masu rami kuma ƴaƴansu suna kwance a ƙasa suna jiran damina. Busassun karare da wani tsohon kututture in akwai, a bar su nan.

Masu lambu a wurare irin su Gidimuni, ko duk mai rijiya, suna iya yafa layi ɗaya a bakin fangali in sanyi ya fara raguwa, wajen ƙarshen Fabrairu, don a tsakiyar ɗari ba ya sauri. A lokacin daji ya bushe, fure kowane iri yana da tsada wajen ƙwari. A ajiye musu kasko da ruwa, a zuba tsakuwa ko ƴan karare yadda za su sauka ba su nutse ba, a sauya ruwan duk kwana biyu saboda sauro.

Wanda ke cikin gari, Birni ko Zango ko Sabon Gari, ba shi da gona, tsohon bokiti ko rabin jarka ya isa. A huda ƙasansa, a cika da yashi kashi uku da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, gindi biyu a kowane mazubi, a sa inda rana ke samunsa tun safe, a ɗaga shi sama da bakin akuya. Mazubi huɗu ko biyar a jere sun fi ɗaya jan ƙwari, kuma a nisanta su da inda yara ke wasa.